Edgar Codd: Matuƙin jirgin yaƙin da ya raba manhaja da rumbun adana bayanai

Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi a wajen mai POS, ko ya yi rajistar BVN, ko ya duba sakamakon jarrabawa a wayarsa, ya ci moriyar aikin wani Bature da akasarin mutane ba su taɓa jin sunansa ba.

Sunansa Edgar Frank Codd, abokan aikinsa kuma suna kiran sa Ted. Masanin lissafi ne ɗan ƙasar Ingila wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki da kamfanin kwamfuta na IBM. Ya rasu a shekarar 2003.

A 1970 ya wallafa wata maƙala mai shafi 11 kacal, wadda ta sauya yadda bankuna da masana'antu da hukumomin gwamnati ke adana bayanansu. Abin da ya nema a cikinta shi ne a daina ɗaure manhaja da rumbun da take ajiye bayanai a ciki, ta yadda za a iya sauya tsarin ajiyar ba tare da an rushe manhajar ba.

Wannan batu ya shafi masu masana'antu a Bompai da Sharada da Challawa, da masu ƙananan masana'antu a Dakata, waɗanda lissafin kayansu da albashin ma'aikatansu da basussukan da suke bin dillalai suka tashi daga littafi suka koma kwamfuta. Ranar da mutum ya so sauya manhaja ko rumbu, a ranar yake gane ko bayanan nasa ne da gaske, ko kuwa na kamfanin da ya sayar masa da kayan aikin ne.

Ɗan mai sana'ar fata

An haifi Codd ranar 19 ga watan Agustan 1923 a tsibirin Portland da ke yankin Dorset a kudancin Ingila. Shi ne auta a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa mai sarrafa fata ne, sana'ar da Kanawa suka sani sarai, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce.

Ya yi sakandare a garin Poole, sannan ya wuce Jami'ar Oxford inda ya karanci lissafi da ilimin sinadarai. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, ya shiga rundunar sojin saman Birtaniya, ya zama matuƙi. Jirgin da ya riƙa tuƙawa shi ne Sunderland, wani ƙaton jirgin sama mai sauka a kan ruwa da ake sintirin teku da shi.

Bayan yaƙi ya koma ya kammala digirinsa, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1948. Ya ɗan koyar da lissafi a Jami'ar Tennessee kafin IBM ya ɗauke shi aiki a birnin New York a 1949.

Kwamfutar da ya fara aiki da ita, mai suna SSEC, ta cika ɗaki guda, kuma tana ɗauke da ƙwayayen lantarki sama da 12,000. Masu wucewa a titi kan tsaya su leƙa ta tagar gilashi suna kallon fitilunta.

Mutum ne da ba ya haɗiye abin da bai gamsu da shi ba. A 1953, lokacin da Sanata Joseph McCarthy ke farautar mutane yana zargin su da bin aƙidar kwaminisanci, Codd ya ji abin ya ishe shi, ya tattara ya koma Ottawa a ƙasar Kanada. Sai a 1957 ya dawo Amurka ya ci gaba da aiki da IBM.

Yana dab da cika shekara 40 ya sake komawa aji. Daga 1961 zuwa 1965 ya yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan. Bincikensa ya ɗora ne a kan aikin fitaccen masanin lissafi John von Neumann game da na'urar da za ta iya haifar irinta. Von Neumann ya yi amfani da yanayi 29 a tsarinsa, Codd ya nuna cewa takwas sun wadatar. Wannan hali na rage tarkace har a kai ga ainihin abin da ake buƙata shi ne ya bi shi zuwa aikin da ya yi suna a kansa.

Matsalar da ya tarar

A ƙarshen shekarun 1960 ya koma cibiyar bincike ta IBM da ke San Jose a jihar Kalifoniya. A lokacin manyan kamfanoni sun fara tara bayanai masu yawa a kwamfuta, kuma tsari biyu ne ke tashe.

Na farko shi ne IMS na kamfanin IBM, wanda aka ƙirƙira domin lissafin miliyoyin kayayyakin haɗa kumbon Apollo, aka fara aiki da shi a 1968. Yana jera bayanai ne kamar bishiya, daga tushe zuwa rassa. Na biyu shi ne tsarin da Charles Bachman ya ɓullo da shi a kamfanin General Electric, inda bayanai ke saƙe da juna kamar raga.

Duka biyun suna da sauri, amma suna da cuta iri ɗaya. Dole mai rubuta manhaja ya san hanyar da zai bi kafin ya isa ga bayani: ya shiga ta nan, ya sauka nan, ya juya can. Hanyar tana rubuce a cikin manhajar kanta.

Abin ya yi kama da babban sito wanda mutum ɗaya ne kawai ya san inda kowane buhu yake. Idan aka sauya wa kaya wuri, duk yaran da aka koya wa tsohuwar hanya sun ɓata. Haka kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi suna sake rubuta manhajoji a duk lokacin da aka taɓa tsarin ajiya. Idan kuma manaja ya zo da tambayar da ba a yi tanadinta tun farko ba, sai ya jira a rubuta masa sabuwar manhaja.

Dabarar jadawali

Codd ya fara bayyana mafitarsa a wani rahoton cikin gida na IBM a 1969, sannan ya fitar da ita ga duniya a watan Yunin 1970 a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM.

Shawararsa ita ce a zuba dukkan bayanai a jadawali mai layuka da gurabe, kuma a haɗa jadawali da jadawali ta hanyar abin da ke rubuce a cikinsu, ba ta hanyar wurin da aka ajiye su a na'ura ba.

A ɗauki misalin wata masana'antar roba a Dakata. Jadawali na farko na dillalai ne: kowane dillali da lambarsa da sunansa da kasuwar da yake. Na biyu na kaya ne: bokiti, buta, kujera, kowanne da lambarsa da farashinsa. Na uku na ciniki ne: lambar dillali, lambar kaya, adadi, kwanan wata, da abin da aka biya.

Idan mai masana'antar yana son sanin dillalan Kasuwar Singa da ake bin su bashin da ya haura wata uku, ba sai ya faɗi inda za a duba ba. Zai faɗi abin da yake so ne kawai, rumbun ya nemo hanyar da ta fi sauri da kansa. Gobe idan aka sayi sabuwar na'ura ko aka sake jera bayanan, tambayar tana nan yadda take, amsar ma haka.

Wannan shi ne abin da Codd ya kira 'yancin bayanai, wato manhaja ta daina dogaro da yadda aka ajiye su. A kansa ne duk wani yunƙuri na rubuta manhaja ɗaya mai aiki da rumbuna daban-daban ya tsaya har yau.

Ya kuma tsara ƙa'idojin tsabtace jadawali, waɗanda jigonsu shi ne a rubuta kowane bayani a wuri ɗaya tak. Idan lambar wayar dillali tana rubuce a rasit 200, ranar da ya sauya layi za a gyara wasu a manta wasu, daga nan lissafi ya fara saɓa wa juna. Idan a wuri ɗaya take, gyara ɗaya ya wadatar. Har yanzu ana koyar da waɗannan ƙa'idoji a sassan nazarin kwamfuta na jami'o'i.

Gidansa ne ya fara ja masa baya

IBM bai yi rawar jiki da wannan tunani ba. IMS na kawo masa kuɗi, kuma babu ɗan kasuwar da ke gaggawar kashe hajar da ke ci. Injiniyoyi da dama kuma sun ɗauki abin a matsayin lissafin takarda wanda kwamfutar zamanin ba za ta iya ɗauka ba.

Codd bai yi shiru ba. Ya riƙa kai batun gaban manyan abokan cinikin IBM, su kuma suka juyo suna tambayar kamfanin yaushe zai ba su wannan sabon tsari. Hakan bai yi wa shugabanninsa daɗi ba.

A 1974 aka yi wata shahararriyar muhawara a birnin Ann Arbor tsakaninsa da Bachman, wanda ya lashe kyautar Turing shekara guda kafin nan. Ɓangaren Bachman ya tsaya kan sauri da abin da aka riga aka gwada. Ɓangaren Codd ya tsaya kan sauƙi, da kuma damar mutumin da ba injiniya ba ya yi wa rumbu tambaya ya samu amsa.

A wannan tsakanin IBM ya kafa ayarin gwaji mai suna System R, amma bai ba Codd jagorancinsa ba. Wasu matasa biyu a cibiyar, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka ƙirƙiro harshen yi wa rumbu tambaya da suka kira SEQUEL, maimakon harshen Alpha da Codd ya tsara. Boyce ya rasu a 1974 yana matashi, bai ga inda aikin nasu ya kai ba. An taƙaita sunan zuwa SQL saboda wani kamfanin jiragen sama na Birtaniya ya riga ya yi rajistar sunan farko.

A daidai wannan lokaci, Michael Stonebraker da Eugene Wong na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gina nasu rumbun mai suna Ingres bisa tunanin Codd. Gwaje-gwajen biyu sun tabbatar da cewa tsarin zai yi aiki.

Wanda ya shuka da wanda ya girbe

Wani matashi mai suna Larry Ellison ya karanta abin da masu binciken IBM ke wallafawa, ya hango kasuwa. A 1977 ya kafa kamfani tare da Bob Miner da Ed Oates, kuma a 1979 suka fara sayar da rumbun Oracle, suka riga IBM shiga kasuwa. IBM bai fitar da nasa ba sai a 1981, sannan DB2 ya biyo baya a 1983.

Akwai wani ɗan labari daga wannan zamani da ke nuna tushen matsalar da masu rubuta manhaja ke fama da ita a yau. Ellison ya so rumbunsa ya dace da na IBM ƙwarai, har ya nemi a ba shi lambobin da System R ke nunawa idan an samu kuskure. IBM ya ƙi. Tun daga ranar farko, ke nan, rumbunan suka tashi da harshe ɗaya amma kowa da karinsa.

Ellison ya zama ɗaya daga cikin attajiran duniya. Codd ya ci gaba da zama ma'aikaci mai karɓar albashi. Ya dai samu girmamawa: IBM ya ba shi muƙamin bincike mafi daraja a kamfanin a 1976, sannan a 1981 ya karɓi kyautar Turing, wadda ake ɗauka tamkar Nobel a fagen kwamfuta.

Dokoki 12 da suka fusata 'yan kasuwa

A 1983 ya yi wata mummunar faɗuwa ya ji rauni sosai. Bayan ya murmure ya bar IBM, ya kafa kamfanin ba da shawara tare da abokin aikinsa Chris Date da kuma Sharon Weinberg, wadda ya aura daga baya. Yana da 'ya'ya huɗu daga aurensa na farko.

A lokacin tsarinsa ya zama abin yayi, kowane kamfani na tallar rumbunsa da sunan tsarin Codd, har da waɗanda suka yi wa tsohon kaya sabon fenti kawai. Wannan ya ɓata masa rai. A watan Oktoban 1985 ya wallafa dokoki a mujallar Computerworld domin mai saye ya iya tantance na gaske da jabu. Ana kiran su dokoki 12, amma 13 ne, domin daga sifili ya fara ƙirga.

Huɗu daga cikinsu a kan 'yancin bayanai suke. Idan an sauya yadda ake ajiya a na'ura, kada manhaja ta lalace. Idan an faɗaɗa jadawali ba tare da an zubar da bayani ba, kada ta lalace. Sharuɗɗan ingancin bayanai su zauna a rumbu, ba a warwatse cikin manhajoji ba. Idan an rarraba bayanan a wurare daban-daban, mai tambaya ya ci gaba da tambayarsa kamar a wuri ɗaya suke.

Babu wani babban rumbun kasuwa na lokacin da ya cika dokokin gaba ɗaya, har da na IBM. Codd bai kuma ƙyale SQL ba. A 1988 ya yi rubutu yana sukar harshen, musamman yadda yake barin layi biyu masu kama da juna sak su zauna a jadawali ɗaya, da yadda yake rikita lissafi idan an bar gurbi babu komai.

Alƙawarin da ya cika rabi

Hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da SQL a matsayin ma'auni a 1986, ta duniya ta biyo baya a 1987. Sai dai kowane kamfani ya ci gaba da ƙara nasa ƙawa, domin abokin cinikin da ya saba da ƙawar ba ya iya tafiya cikin sauƙi.

Bambancin yakan zo ne a ƙananan abubuwa. Umarnin da za a ba MySQL ya kawo layi goma na farko ba shi ne za a ba SQL Server ba. Oracle yana ɗaukar rubutun da babu harafi ko ɗaya a cikinsa a matsayin gurbin da ba a cike ba, PostgreSQL kuwa yana bambanta su. Yadda ake lissafin kwanan wata da yadda ake ba sabon layi lamba duk sun sha bamban.

Akwai ma wanda ya shafi Hausa kai tsaye. Kafin fitowar MySQL 8 a 2018, tsarin haruffan da rumbun ke zuwa da shi na harsunan yammacin Turai ne, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Idan ba a gyara saitin ba, suna kamar Ɗanladi ko Ƙofar Mata na iya komawa alamar tambaya yayin kwashe bayanai daga wani rumbu zuwa wani.

Domin rage wannan wahala aka riƙa gina tafinta tsakanin manhaja da rumbu. Microsoft ya fitar da ODBC a 1992, harshen Java ya samu JDBC a 1997, sannan kayan aiki irin su Hibernate da Django suka zo. Da Django, alal misali, manhaja ɗaya na iya aiki da PostgreSQL ko MySQL ko MariaDB ko Oracle ko SQLite, matuƙar mai rubuta ta bai cusa umarnin da rumbu ɗaya kaɗai ke ganewa ba.

Ƙwararru kan bi hanya uku. Su tattara duk maganar da manhaja ke yi da rumbu a sashe ɗaya, don idan sauyi ya zo a taɓa wurin kawai. Su tsaya kan SQL ɗin da kowa ya yarda da shi gwargwadon iko. Su kuma gwada manhajar a kan kowane rumbu da suka ce tana aiki da shi, ba su yi zato ba. Abin yana da farashinsa: wanda ya guji dabarun musamman na rumbu ɗaya yakan rasa wani kaso na sauri, kuma aikin gwaji yana ninkuwa.

Amma rashin yin hakan ya fi tsada. Kamfanin Amazon, duk da ƙarfinsa, ya shafe shekaru kafin ya sanar a watan Oktoban 2019 cewa ya kammala kwashe bayanan sashen cinikinsa daga rumbunan Oracle kusan 7,500. A Najeriya ma, a ƙarshen 2024 wasu manyan bankuna sun sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, kuma abokan hulɗarsu sun shafe kwanaki suna kokawa kan tura kuɗi da cirewa.

Ga ƙaramar masana'anta a Kano, lissafin a fili yake. Lasisin manyan rumbunan kasuwa da dala ake sa masa farashi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 nauyinsa ya ƙaru. Akwai rumbuna na kyauta masu inganci, amma komawa kansu na yiwuwa ne kawai idan tun farko ba a ɗaure manhajar da rumbu ɗaya ba. Shi ya sa kafin a biya kuɗin manhajar lissafin sito ko ta albashi, ya kamata mai saye ya tambayi rumbun da take amfani da shi, ko tana aiki da wani, da kuma ko zai iya fitar da bayanansa gaba ɗaya a jadawali duk ranar da ya ga dama.

Ƙarshen rayuwarsa

Codd ya ci gaba da rubutu har tsufansa. A 1990 ya fitar da littafi inda ya faɗaɗa tsarin nasa, sannan a 1993 ya yaɗa kalmar OLAP, wadda ake nufin nazarin tarin bayanan kasuwanci ta fuskoki da dama.

Ya rasu ranar 18 ga watan Afrilun 2003 a gidansa da ke Williams Island a jihar Florida, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 79. A 2004 ƙungiyar masana rumbun bayanai ta SIGMOD ta sanya sunansa a babbar kyautar da take bayarwa duk shekara.

Shekara uku kafin rasuwarsa, wani injiniya Ba'amurke mai suna Richard Hipp ya fitar da SQLite, ɗan ƙaramin rumbu na kyauta da aka gina bisa tsarin jadawali. A yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma a cikinsa manhajoji da dama, ciki har da WhatsApp, ke ajiye saƙonni a kan wayar. Tsarin da aka taɓa cewa ya fi ƙarfin kwamfutar da ta cika ɗaki, shi ne yanzu ke aiki a wayar da ke aljihun lebura a Sharada da ta manajan da ke biyan sa albashi.